Cin Abinci da Kallon Tele: Darasi don Lafiyar Iyali

Manufar darasi

Bayan an karanta wannan darasi, an kuma tattauna a kansa, muna so kowa ya san abu uku: yadda kallo lokacin cin abinci ke shafar yara da manya, abin da ya kamata ya shiga kwanon iyali kowace rana, da tsarin da gida zai bi don kallo kada ya cinye lokacin abinci.

Mai koyarwa ya zo da kwano ƙarami, da ƙaramin cokalin shayi, da gishiri kaɗan, da sukari, don a nuna wa jama'a awon da za a ambata.

Abin da ya sake a gidajenmu

Shekarun baya, sai an je birni ake ganin tele. Yanzu faifan hasken rana da batir sun kai ta ƙauyuka da yawa. Inda babu tele a gida, akwai gidan kallo a bakin kasuwa, ko kuma waya mai ɗauke da fina-finai. Ana kallon labaru, da kokawar gargajiya a Télé Sahel, da ƙwallon ƙafa, da fina-finan Kano, da na Indiya da aka juya da Hausa.

Tele ba abokiyar gaba ba ce. Ta wurinta ake jin sanarwar rigakafi, da labarin damina, da abin da ke faruwa a ƙasa. Wanda ya yini a gona yana da hakkin ya huta ya yi dariya. Matsalar ita ce lokacin da aka fi kunna ta, wato bayan faɗuwar rana, shi ne kuma lokacin tuwon dare. A gidaje da yawa tuwon dare ne babban abincin yini. In ido na kan tele hannu na cikin kwano, ɗayan biyu zai yi hasara. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Ƙaramin yaro ne ya fi hasara

Mu ɗauki misalin wani gida. An kwashe tuwo, an zuba wa yara biyar a kwano ɗaya, an ajiye musu a gaban tele. Babban yana da shekara goma, autan yana da shekara ɗaya da rabi. Manyan suna kai loma idonsu na kan fim, hannunsu ya saba. Autan kuwa hannunsa ƙarami ne, taunarsa a hankali take, ga kuma haske da kiɗa suna jan hankalinsa. Ya kai loma uku, ya tsaya yana kallo. Kafin ya waiwayo, miya ta ƙare, an suɗe kwano.

Uwa ta zo ta tambaya, "Kun ci kun ƙoshi?" Manyan suka amsa, "I, Inna, mun ƙoshi." Ta ga kwano babu kome, ranta ya kwanta. Ba wanda ya yi ƙarya, ba kuma wanda ya san autan ya kwana da loma uku a cikinsa. In haka ta yi ta faruwa dare bayan dare, wata biyu ko uku sun isa a ga nauyin yaron ya tsaya a katin awo. Daga nan tamowa ke somawa, ko da rumbun gidan cike yake da hatsi.

Akwai hanya ta biyu da kallo ke hana yaro abinci. Wani lokaci ana jinkirta girki ko rabo sai shirin da ake bi ya ƙare. Kafin nan ƙananan sun ɓingire da barci a kan tabarma. Yaron da aka tasa daga barci ba ya cin kirki. Ga shi kuma ya daɗe a waje sauro na cizonsa, alhali ya kamata a ce yana cikin gidan sauro.

Cikin ƙaramin yaro ba shi da girma. Na ɗan shekara ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce kofi ɗaya, kimanin kwatan lita, a zama guda. Shi ya sa ba zai iya rama abin da ya rasa da dare ta wurin cin mai yawa da safe ba. Dole ya ci sau da yawa, kowane ci kuma ya zama mai amfani. Ga yadda ake so:

- Daga haihuwa zuwa wata 6: nonon uwa zalla, ko ruwa ba a ƙarawa.
- Wata 6 zuwa 8: nono, da kunu mai kauri ko abinci mai laushi sau 2 ko 3 a yini. A fara da babban cokali 2 ko 3, a riƙa ƙarawa har rabin kofi.
- Wata 9 zuwa 11: nono, da abinci sau 3 ko 4, rabin kofi kowane ci.
- Wata 12 zuwa 23: nono, da abincin gida sau 3 ko 4, daga kashi uku cikin huɗu na kofi zuwa kofi cike, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2 tsakanin ci da ci.

A ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye.

Ba za a san ko yaro ya ci wannan awo ba sai yana da kwanonsa shi kaɗai, wani babba kuma yana zaune kusa da shi, fuska da fuska. Uwa ce, ko kaka, ko uba, ko ya babba, kowa zai iya. Ba a raba shi da ƴan'uwansa ba. A kan tabarma ɗaya suke, kwano ne kawai daban.

Ɗura, da lallashi da waya

In yaro ya ƙi ci, wasu sukan kwantar da shi a cinya, su toshe masa hanci, su ɗura masa kunu. Wannan yana da hatsari ƙwarai. Kunun na iya bin hanyar numfashi ya shiga huhu, ya kawo ciwon huhu mai tsanani, wani lokaci yaron ya shaƙe nan take. Kada a yi wa yaro ɗura ko da wane dalili.

Yanzu kuma an samu sabuwar dabara: a kunna wa yaro fim a waya, in hankalinsa ya tafi sai a riƙa tura masa cokali. Wannan ba ta kai ɗura muni ba, amma ita ma tana da illa. Yaron yana haɗiya bai san yana ci ba. Ba ya koyon gane yunwa da ƙoshi, ba ya sanin ɗanɗanon abin da ke bakinsa, yana kuma iya ƙwarewa. In ya saba, ranar da batir ya mutu ba zai buɗe baki ba.

Abin da ya fi shi ne haƙuri. Ki zauna ki dube shi, ki yi masa magana, ki kira sunan abin da kike ba shi. Ki bar shi ya sa hannu ko da zai ɓata jikinsa. In ya ƙi sabon abinci yau, kada ki ce ba ya so. Ki sake gwadawa wata rana, don yara da yawa sai an kawo musu abu sau da dama kafin su karɓa. In ya kau da kai bayan ya ci kaɗan, ki dakata, ki sake miƙa masa. In yana ciwo, a ba shi kaɗan-kaɗan akai-akai, a ƙara yawan nono. Bayan ya warke, a ƙara masa ci ɗaya kowace rana har mako biyu, don ya mai da abin da ya rasa.

Manya kuma suna wuce iyaka

Abin da ke rage cin ƙaramin yaro, shi ne ke ƙara cin babba. Ciki yana ɗaukar lokaci, wajen minti 20, kafin mutum ya ji ya ƙoshi sosai. Mai kallo yana ci da sauri, ba ya lura da lomar da ya kai, sai ya ji hannunsa ya taɓa gindin kwano. In fim bai ƙare ba, baki na neman abin yi: a dafa shayi mai sukari zagaye uku, a aika a sayo lemun kwalba, ko cincin, ko soyayyen abu.

Manomin da ke yini da hauya jikinsa na ƙone abin da ya ci. Amma da rani aiki na raguwa. Mai shago, da tela, da malamin makaranta, da dattijon da ya bar noma, da matar da ba ta cika fita ba, su zamansu ya fi motsinsu. In aka haɗa yawan zama da yawan sukari, mai da gishiri, ƙiba na shigowa, bayanta kuma hawan jini da ciwon sukari. Da ana cewa cututtukan masu kuɗin birni ne. Yanzu ana ganinsu a ƙauye. Hawan jini yakan daɗe a jikin mutum ba tare da wata alama ba, sai ranar da ya shanye masa ɓarin jiki. Ciwon sukari kuma yana lalata ido, da ƙoda, da ƙafa.

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ba da awo ga babban mutum:

- Gishiri: ƙasa da gram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba. Wannan ya haɗa da wanda ke cikin miya, da yaji, da burodi. Ku sani ɗunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. In an sa shi, a rage gishirin hannu. Daddawa, albasa, tafarnuwa da citta suna ba miya daɗi.
- Sukari: kada ya wuce gram 50 a yini, kimanin ƙaramin cokali 12. In an tsaya a rabin haka ya fi. Lemun gwangwani ɗaya mai zaƙi yana ɗauke da wajen gram 35. Wanda ya sha ɗaya, ya bi da shayi mai sukari, yana iya wuce awon yini.
- Ganye, kayan lambu da ƴaƴan itace: aƙalla gram 400 a yini, wato kamar cikin tafin hannu sau biyar.
- Motsa jiki: aƙalla minti 150 a mako, kamar tafiya da sauri ta minti 30 kwana biyar. Yara daga shekara 5 zuwa 17 suna bukatar awa ɗaya ta guje-guje kowace rana.

Abin da talla ke koya wa yara

Tsakanin shiri da shiri ana nuna talla: lemu mai launi, biskit, alawa, taliyar leda. Ana nuna yara masu ƙiba suna dariya. Wanda ya biya kuɗin tallar, cinikinsa yake nema, kuma yaro ƙarami bai iya bambanta talla da gaskiya ba. Ba wanda ke tallar zogale ko wake a tele. A hankali yaro sai ya ɗauka abin cikin leda shi ne na wayayyu, dambun gidansu kuwa na marasa hali ne.

Ku yi lissafi da kanku. Kuɗin da ake ba yaro kullum ya sayi alawa ko ruwan zaƙi na leda, in aka tara na mako guda, ƙwai nawa zai saya? Ƙuli-ƙuli nawa? Alawa tana kashe wa yaro sha'awar abinci, tana cinye haƙori, ba ta ƙara masa tsawo ko jini. Ƙwai ɗaya kuwa yana gina jiki. Ba gaskiya ba ne cewa ƙwai na sa yaro sata ko hana shi magana. Daga wata 6 ana iya ba shi dafaffen ƙwai.

Duwatsun murhu uku

Tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya ko biyu. Haka jiki yake bukatar abinci iri uku kowace rana.

1. Masu ba da ƙarfi: hatsi, dawa, masara, shinkafa, rogo, dankali, da mai kaɗan.
2. Masu gina jiki: wake, gyaɗa da ƙuli-ƙuli, gujiya, awara, riɗi, nono, ƙwai, kifi, nama, hanta, fara.
3. Masu kare jiki daga cuta: zogale, kuka, rama, yakuwa, tafasa, alayyafo, kuɓewa, kabewa, karas, tumatir, mangwaro, gwanda, gwaiba, lemun tsami, magarya, ƴaƴan kuka.

A yawancin gidajenmu dutse na farko ne ya yi girma: tuwo tuli, miya tsululu. Gyaran bai bukatar kuɗi mai yawa. A sa miya ta yi kauri da ganye, a daka ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi a zuba. A dama fura da nono, da ruwa mai tsabta. Kunun yaro ya zama mai kaurin da ba ya zuba daga cokali da sauri, a sa masa garin gyaɗa ko na wake da aka soya, ko garin zogale, da ƙaramin cokali na mai. Kunu tsararo cika ciki kawai yake yi.

Da damina, lokacin da ganye ya wadata, a shanya shi a inuwa a adana don rani. Rana tana rage masa amfani. A sayi gishiri mai sinadarin ayodin, wanda ke hana maƙoƙo. Kada a ba ƙananan yara shayi, masu ciki kuma kada su sha shi tare da abinci, domin yana hana jiki jan sinadarin da ke ƙara jini. Abu mai tsami kamar lemu, gwaiba ko tumatir shi ke taimakon jiki ya ja shi.

A kula da rabo kuma. In nama ko kifi kaɗan ne, kada duka ya tafi kwanon maigida. Ƙaramin yaro, da mai ciki, da mai shayarwa su ne suka fi bukatarsa. Maigida, kai ne za ka fara faɗin wannan da bakinka, domin uwargida tana iya jin nauyin ragewa daga kwanonka.

Kallo na awa nawa?

A shekarar 2019 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara game da yara ƴan ƙasa da shekara 5. Yaron da bai kai shekara 2 ba, kada a zaunar da shi gaban tele ko waya. Daga shekara 2 zuwa 4, kada kallo ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ya fi. Ɗan shekara 3 ko 4 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini da dare. Yaro yana koyon magana ne daga mutumin da ke amsa masa. Tele tana magana, amma ba ta amsawa.

Amfanin zama tare

Kowane gida da al'adarsa. A wani, maza na ci a zaure, mata da yara a cikin gida. A wani, kowa na zama wuri ɗaya. Wannan darasi bai ce a sake wannan tsari ba. Abin da muke roƙo shi ne kada yara su ci ba idon babba.

A wurin cin abinci ne ake gane yaron da zazzaɓi ya fara kamawa, domin ƙin ci yana cikin alamun farko. A nan ake gane budurwar da ta rage ci don wata damuwa, da tsohuwar da haƙori ya hana ta tauna. A nan yaro ke koyon wanke hannu, da ci daga gabansa, da rage wa ƙaninsa. A nan kuma yake ganin abin da manya ke ci. Inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya ke sha. Uban da ke ture miyar ganye, kada ya yi mamaki in ɗansa ya ture.

Tsari bakwai don gida

1. A sa lokacin tuwon dare da wuri, kafin shirin da ake son kallo, kafin kuma barci ya ɗauki ƙanana.
2. A kashe tele, a ajiye waya har a gama. Rage murya bai isa ba, don hoton ne ke jan ido. Dokar ta hau kan manya kafin yara.
3. Kowa ya wanke hannu da sabulu, ana zuba masa ruwa daga buta. Kada a tsoma hannuwa duka cikin ruwan kwano ɗaya.
4. Yaro ɗan ƙasa da shekara 3 ya samu kwanonsa, da babba kusa da shi.
5. Abin sha lokacin abinci shi ne ruwa mai tsabta.
6. A rufe abin da ya rage saboda ƙuda da kaji. Abincin da ya wuce awa 2 a ajiye, ko ya kwana, a ɗumama shi har ya yi zafi sosai ciki da waje kafin a ci.
7. In za a yi kallo bayan abinci, ƙanana su shiga gidan sauro tukuna. In baki na son taɓawa, gyaɗa ko ɗan itace sun fi alawa.

Ranar babbar kokawa ko wasan ƙarshe na ƙwallo, ba sai an yi faɗa ba. An san lokacin tun da wuri, sai a ci abinci kafin a fara. Mai tafiya gidan kallo shi ma ya ci a gida kafin ya fita. Kwanakin farko yara za su yi ƙorafi, wataƙila manya ma. In kuka daure mako biyu, zai zama jiki.

Yaushe za a zo asibiti?

Ku kawo yaro ba tare da jinkiri ba in kun ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- ya ƙi nono ko ya ƙi cin kome, ko yana amayar da duk abin da ya ci;
- ƙafafunsa biyu sun kumbura;
- yana ramewa, ko nauyinsa bai ƙaru ba a awo biyu a jere;
- igiyar awon damtse ta nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ga yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. In ta nuna rawaya, tsakanin 11.5 da 12.5, shi ma a kawo shi a duba;
- tari ko numfashi da ƙyar bayan ya ƙware da abinci.

Babba kuma ya riƙa zuwa awon jini ko da yana jin lafiya lau, musamman in ya wuce shekara 40, ko yana da ƙiba, ko akwai mai hawan jini a danginsu. In awo ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce, an kuma sake aunawa wata rana aka samu haka, yana bukatar kulawar likita. Mai yawan ƙishirwa, da yawan fitsari da dare, da rama ba dalili, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ya zo a auna masa sukari.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A gidanku, ƙarfe nawa ake cin tuwon dare? Ƙarfe nawa ake kunna tele?
2. Jiya da dare, wa ya ga abin da autan gidanku ya ci? Yaya yawansa?
3. Cikin duwatsun murhu uku, wanne ne ya fi ƙaranci a kwanonku a wannan lokaci na shekara? Me ake samu a garinku da zai cike gurbin?
4. Nawa gidanku ke kashewa a mako wajen sukari, lemu da alawa?
5. In maigida ne ba ya son a kashe tele, ta yaya za a yi masa magana cikin ladabi? Wa ya fi dacewa ya yi?

Aikin wannan mako

Kowane gida ya gwada abu biyu na kwana bakwai: a kashe tele da waya lokacin tuwon dare, a kuma ba ƙaramin yaro kwanonsa. A lura da yawan abin da yake ci kowane dare. In an sake haɗuwa, kowa ya faɗi abin da ya gani, da abin da ya yi masa wuya, don a taimaki juna. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan darasi. Rigakafi ya fi magani.